Santsi da Taɓo: amsoshin tambayoyin da ba ku gajiya da yi kan rabuwar PRP

Duk lokacin da wata jam'iyya ta dare gida biyu sai an tono maganar Santsi da Taɓo, tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Su wane ne 'yan Santsi, su wane ne 'yan Taɓo?

Ɓangarori biyu ne na jam'iyyar PRP (People's Redemption Party) a Jamhuriya ta Biyu, 1979 zuwa 1983. 'Yan Taɓo su ne suka tsaya da Malam Aminu Kano da uwar jam'iyya. 'Yan Santsi su ne suka bi gwamnonin jam'iyyar biyu, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna, suka ɗora tsohon jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu a shugabanci. Sunayen duka biyu habaici ne na abokin hamayya da ya bi mutane har ya zauna: aka ce waɗancan santsi ya kwashe su, su kuma suka ce gara su da wanda ya maƙale a taɓo. Ku riƙa tunawa Kano ta lokacin har da Jigawa, Kaduna kuma har da Katsina.

Ai Rimi ne ya ci amanar Malam, ko?

In wannan kake so ka ji, je ka majalisar da ake faɗar haka, za su ba ka shayi ma. Wani gefen kuma za a ce maka Malam ne ya tsufa ya bari 'yan NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, suka rinjaye shi. Duka biyun zancen yaƙin neman zaɓe ne, ba bayani ba ne.

To a kan me suka saɓa?

Ba a kan manufa ba. Babu ɓangaren da ya ce a bar talaka a hannun azzalumi. Soke haraji da jangali da gwamnonin biyu suka yi suna hawa mulki a Oktoban 1979, kukan NEPU ne, tsohuwar jam'iyyar Malam, tun shekarun 1950, kuma ba wanda ya yi jayayya da shi a cikin gida. Saɓanin ya taso ne a kan abu biyu: da wa za a yi ƙawance, kuma wa ke da ikon yanke wannan shawarar.

Ku dubi lissafin. PRP ta fito zaɓen 1979 da sanatoci 7 cikin 95 da 'yan majalisar wakilai 49 cikin 449, sai jihohi 2 cikin 19. Ƙaramar jam'iyya ce mai ƙarfi a wuri guda. Irin wannan jam'iyya ba ta iya zama ita kaɗai, dole ta jingina da wani. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba: biyar na UPN ta Awolowo, wato Jakande da Onabanjo da Bola Ige da Ajasin da Ambrose Alli, biyu na GNPP, Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola, sai su biyun. Hujjarsu ita ce NPN jam'iyyar sarakuna da attajirai ce, magajiyar NPC, mai mulkin Arewa a Jamhuriya ta Farko, da ta ɗaure iyayensu a gidan NEPU, don haka duk mai adawa da ita abokin tafiya ne. Abin da aka yi wa Shugaba Abdurrahman Darman a Janairun 1980, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno da gwamnatin tarayya ta kwasa ta kai Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, ya ƙara musu ƙarfin hujja: in ba a haɗa kai ba, ɗaya bayan ɗaya za a yi musu.

Uwar jam'iyya ta ga abin ta wata fuska. Biyar cikin tara 'yan UPN ne, ke nan taron dandalin Awolowo ne na 1983, kuma PRP za ta shiga a matsayin 'yar rakiya ta fito ba suna. Sannan gwamna ba da sunansa aka zaɓe shi ba, da mabuɗi, wato tambarin PRP, aka zaɓe shi, to ba shi da hurumin ƙulla ƙawancen da jam'iyya ba ta amince da shi ba. Aka umarce su su daina halartar taron, suka ƙi. A 1980 aka dakatar da su, aka kore su. Su ma suka kira nasu babban taron suka ce su ne halattattun shugabanni.

Akwai kuma bambancin tarbiyyar siyasa. Malam, haifaffen 1920, ya yi majalisar tarayya a Jamhuriya ta Farko, ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya saba zama teburi ɗaya da abokin hamayya a ja a sassauta. Rimi yana da shekara 39 ya zama gwamna, kuma shi da Balarabe sun kewaye kansu da malaman jami'a masu ra'ayin gurguzu, irin su Dokta Yusufu Bala Usman da ya zama sakataren gwamnatin Kaduna da Dokta Bala Muhammad mai ba Rimi shawara kan siyasa. Su a wurinsu sassauci da NPN ba dabara ba ce, sayar da gwagwarmaya ne.

Ke nan Santsi su ne 'yan gurguzu, Taɓo masu sassaucin ra'ayi?

Kusan haka, amma kar ka ɗaure shi tamau. Wanda ya fi kowa tura PRP zuwa ga fahimtar juna da NPN shi ne sakataren jam'iyya na ƙasa, Sam Ikoku, mutumin da ya yi suna a aƙidar gurguzu har ya yi aiki da Nkrumah a Gana. Yana gefen Taɓo, daga baya ma ya koma NPN ɗin gaba ɗaya. A gefen Santsi kuma akwai 'yan kwangila da masu neman muƙami da ba su taɓa buɗe littafin aƙida ba, sun dai ga inda baitulmali yake. Tsoffin 'yan NEPU da suka sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai, da yawansu Taɓo suka tsaya, kuma ba wanda zai koya musu tsattsauran ra'ayi.

Me ya sa aka tsige Balarabe amma ba a tsige Rimi ba?

Lissafin kujeru. Zaɓen 1979 mako-mako aka yi shi: majalisar dattawa 7 ga Yuli, ta wakilai 14, majalisun jihohi 21, gwamnoni 28, shugaban ƙasa 11 ga Agusta. Kafin a zo kan gwamna an riga an ga NPN ta kwashe majalisar Kaduna da kujeru 64 cikin 99, PRP na da 16 kacal. Sai magoya bayan sauran jam'iyyu suka tattara ƙuri'unsu ga Balarabe don kada Lawal Kaita na NPN ya wuce. Ya ci gwamna, amma majalisa ba tasa ba ce. Ya ƙi ba NPN kwamishinoni, su kuma suka yi ta watsi da sunayen da yake aikawa, har ya sauka bai kafa majalisar zartarwa ba.

Sashe na 170 na kundin 1979 ya shimfiɗa matakan: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike, kakakin majalisa ya naɗa mutum bakwai su bincika cikin wata uku, sannan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. Biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Biyu kawai suka rage wa NPN, kuma ba ta sha wuyar samun su ba. Ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Ya je kotu, kotu ta ce ƙaramin sashe na 10 ya ɗaure mata hannu. A kundin 1999 babban jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, kuma tun shari'ar Ladoja, gwamnan Oyo da aka tsige, kotu na iya duba ko an bi matakan.

A Kano kuwa PRP na da kujeru sama da 120 cikin 138, mafi yawansu kuma Rimi suka bi. Can wuƙar ta juya: mataimakinsa Ibrahim Bibi Faruk, da ya tsaya gefen Malam, shi aka tsige a 1981.

'Yan Taɓo ne suka kashe Bala Muhammad?

Ku daina jefa irin wannan magana a kan mutane ba hujja. Abin da ya faru a fili yake. Ranar 7 ga Yulin 1981 gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, ta ba shi awa 48 ya yi bayani. Ranar Juma'a 10 ga wata gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan Rediyon Kano da majalisar dokoki da wasu ma'aikatu, aka kai wa kamfanin jaridar Triumph hari, aka je gidan Dokta Bala Muhammad aka kashe shi aka cinna wa gidan wuta. Gwamnatin jiha ta zargi NPN da 'yan sandan tarayya da suka naɗe hannu. Abin da rabuwar PRP ta jawo a nan shi ne gwamna ya shiga faɗa da fada alhali rabin gidansa ba ya tare da shi.

Mu ma muna cikin irin wannan hali. Mun saɓa da shugabannin jam'iyyarmu a kan aƙida. Mu fice ko mu zauna mu yi faɗan a ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya bai san abin ba. Ya danganta, kuma ya danganta da abubuwa da yawa.

Fara da abin da kake riƙe da shi. In ɗan majalisa ne kai, sashe na 68(1)(g) na kundin 1999, ko na 109(1)(g) in majalisar jiha ce, ya ce ka sauya sheƙa ka rasa kujera, sai fa in jam'iyyar ta rabu ko ta narke cikin wata. A nan mutane ke ruɗin kansu. Rigimar shugaban jam'iyya na ƙaramar hukumarku ba rabuwa ba ce. Kotun Ƙoli a shari'ar Abegunde ta 2015 ta ce sai rabuwar ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa har ta hana ta aiki. Sai dai kuma shugaban majalisa ne ke ayyana kujera a matsayin wadda ba kowa, don haka a aikace wanda ya koma wajen masu rinjaye yakan sha, wanda ya bar su ne ake zare wa doka. Kar ka gina shawara a kan cewa wane ya yi ba a taɓa shi ba. Duba ina ya koma.

In gwamna ne ko mataimaki, kundin yanzu bai tanadi rasa kujera ba. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a kan Atiku a 2007, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maimaita a kan Umahi na Ebonyi a 2022. A 1983 abin ya fi haka tsauri, shi ya sa Rimi ya ajiye mulki ya bar wa Abdu Dawakin Tofa kafin ya tsaya a NPP, jam'iyyar Azikiwe, Barde ma ya yi haka a Gongola. Goni bai sauka ba, ya bi ta kotu, Kotun Ƙoli ta ce GNPP ta rabu don haka yana iya tsayawa a UPN. Ya ci shari'a, ya faɗi zaɓe.

Sai ka tambayi kanka wa ke riƙe da takarda. Wannan ne ya karya Santsi, ba ƙarancin jama'a ba. Suna da gwamnoni biyu, suna da mafi yawan zaɓaɓɓu, suna da rediyo da jarida, amma hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta sani. Suka nemi rajistar sabuwar jam'iyya mai suna PPP tare da abokan ƙawancensu, aka hana. Mai jefa ƙuri'a a ƙauye ba sunan mutum yake nema a takarda ba, mabuɗi yake nema ya dangwala, mabuɗin kuwa yana hannun Taɓo. Yau ma haka abin yake: sashe na 221 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, kuma INEC shugaba da sakatare na ƙasa take saurara wajen sunayen 'yan takara. Taron da kuka yi a otal kuka ce kun kori shugaba, in ba a sanar da hukumar ba, biki kuka yi. Dokar zaɓe ta 2022 a lokacinta ta ce a ba da sanarwar kwana 21 kafin babban taro ko zaɓen fid da gwani, a miƙa rajistar 'yan jam'iyya kwana 30 kafinsa. Dokar nan ana yawan taɓa ta, don haka a sa lauya ya duba wadda ke aiki ranar da za ku motsa. Ƙarar da ta shafi kafin zaɓe kuma kwana 14 gare ta a sashe na 285(9). Rana ta 15 ko kai ne da gaskiya an rufe ƙofa.

To a zauna ke nan? Ba lallai ba, kuma zaman ma yana da nasa rami. A Zamfara ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Marafa sun zauna cikin APC suna faɗa har lokacin zaɓen fid da gwani ya ƙure. Jam'iyyar ta ci zaɓen 2019, amma a watan Mayu Kotun Ƙoli ta ce ba ta da halattattun 'yan takara, ƙuri'unta sun tafi a banza, PDP ta kwashe tun daga gwamna har majalisar jiha. In za ku zauna, ku yi faɗan a inda ake cin sa: zaɓen shugabannin mazaɓu, jerin wakilai, rajistar 'yan jam'iyya. Wanda ya bari aka rubuta waɗannan ba ya nan, ya riga ya faɗi tun kafin ranar taro, kome yawan mabiyansa a Facebook.

Kafa sabuwa? Ana iyawa, amma ku san nauyin. Hedikwata a Abuja, shugabannin ƙasa daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24, kuma dokar 2022 a lokacinta ta ce a nema aƙalla wata 12 kafin babban zaɓe. In an samu rajistar ma ba a gama ba. A Fabrairun 2020 INEC ta soke jam'iyyu 74 a rana ɗaya bisa sashe na 225A saboda ba su ci abin a zo a gani ba.

Shiga jam'iyyar wasu ya fi sauƙi, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rimi da ya shiga NPP sai da ya ɗauki tallan Azikiwe a Kano, watanni kaɗan bayan rasuwar Malam ranar 17 ga Afrilun 1983, gari na cikin jimami. Ga ayyukansa a ƙasa: hukumar yaƙi da jahilci da ta ci lambar UNESCO, gidan talabijin na CTV, hutun ranar ma'aikata da Kano ta fara bayarwa a 1980 kafin tarayya ta bi. Duk da haka Sabo Bakin Zuwo, ɗan takarar PRP, ya kayar da shi. Wani zai ce ai Kwankwaso ya fice a 2022 ya ɗauki NNPP ya ci Kano a 2023. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ce ficewa ba ta yi. Amma shi ya yi shekaru yana gina tsari har mazaɓa, da alamar da mutane ke ganewa ba tare da tambarin jam'iyya ba. Kuma ku tuna Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a kan cewa sunansa ba ya cikin rajistar jam'iyyar, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa. Ita kanta NNPP ba a jima ba aka shiga rigimar wane ne mai gida.

Nawa ganin, in saɓaninku a kan inda za a je ne, wato shugabanni sun bar manufar gaba ɗaya, zama ba shi da amfani, ku shirya ficewa da wuri, ba ana saura wata uku zaɓe ba. In kuwa a kan hanya ne da abokin tafiya, kamar na PRP, zama ya fi, ko da za a ci ku a zagayen farko. Amma ko wannan ba doka ba ce. Jam'iyyar da ke korar mutum don ya buɗe baki ba ta bar maka zaɓin zama ba. Kafin kome, ku zauna da takarda da biro ku ƙirga mazaɓa nawa shugabanninta za su bi ku in an ce gobe. Shugabanni, ba masu tafi ba. In ba su kai rabi ba, ku sassauta murya tukuna.

Daidai yake da rigimar jam'iyyar Dimokurat ta Amurka?

Akwai kama. Can ma masu sassaucin ra'ayi da masu neman sauyi na gaggawa sun yarda a kan manufa, suna faɗa a kan sauri da abokin tafiya: Hillary Clinton da Bernie Sanders a 2016, inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa ko gyara wadda Obama ya bari. Bambancin shi ne can jihohi ne ke gudanar da mafi yawan zaɓukan fid da gwani, shugaban jam'iyya ba ya iya share sunanka. Shi ya sa Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, jigo a majalisa, a 2018, ta kuma ci gaba da zama a jam'iyyar. Da a PRP ne, takardar kora za ta riga ta isa gida.

Wa ya ci riba a ƙarshe?

NPN. Ta karɓe Kaduna a 1983 da Lawal Kaita ɗin nan dai. Malam ya samu sama da kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa a 1979, Hassan Yusuf da ya gaje shi a takara ya tashi da kusan kashi 4. Ƙawancen jam'iyyun adawa na PPA da aka ƙulla a 1982 ya watse don Awolowo da Azikiwe ba wanda ya janye wa wani. Taɓo ta riƙe Kano, Sabo Bakin Zuwo ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya ɗaga, irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, ya yi wata uku a kujera, sojoji suka zo ranar 31 ga Disamba suka tsare shi suka tsare Rimi.

PRP ta mutu ke nan?

A'a. Balarabe bai bi Rimi NPP ba, kuma shi ya riƙe sunan jam'iyyar bayan dawowar mulkin farar hula, har ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 2003. Ta tsallake sokewar 2020, ta tsayar da Kola Abiola a 2023.

Abba Musa Rimi da ya gaji Balarabe ƙanen Abubakar Rimi ne?

Ba su haɗa kome ba sai sunan gari. Abubakar daga Rimin Sumaila yake a jihar Kano, Abba Musa daga Rimin ƙasar Katsina. Don Allah a daina haɗa su.